Yadda Aka Koya wa Mai Sanarwar Tasha Yin Shiru

A babbar tashar motoci akwai wani ɗan ɗakin gilashi a saman matakala, daura da tagar tikiti. Da kaɗan ya fi akurkin kaji girma. A ciki akwai kujera mai juyawa da aka ɗaure hannunta da waya, da tebur, da filas ɗin ruwan ɗumi, da makirufo mai dogon wuya da jan maɓalli a gindinsa. Mutumin da ke zama a nan ya haura hamsin, gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma an daɗe da manta sunansa na gaskiya. Direbobi da masu shara da jikokinsa, kowa Lasifika yake ce masa.

Da lodi ya fara. Yana saurayi yana ɗora buhuna a kan motoci, yana kiran fasinja da bakinsa. Wata rana wuta ta ɗauke a tashar, mai sanarwa na lokacin ya rasa abin yi, sai manaja ya jiyo wata murya daga can ƙarshen fili tana ratsa rugugin injuna. Ya aika a kira mai ita. Tun daga ranar Lasifika bai ƙara ɗaukar buhu ba.

Yana da tsarinsa. Kowace sanarwa sau biyu yake yin ta: ta farko don a ji, ta biyu don waɗanda suka tsaya tambayar na kusa da su me aka ce. Idan direba ya shantake a wurin shan shayi, ba lambar mota yake kira ba. "Direban layi na huɗu, fasinjojinka suna gaisuwa, sun ce ko a miƙo maka filo?" Jadawalin tashar kuwa a kansa yake, duk canjin da aka yi da safe kafin hantsi ya haddace shi. Ba ya iya jin an faɗi lokacin mota ba daidai ba ya ƙyale, ko da a wurin gaisuwar rasuwa ne.

Matarsa ma a tashar ya same ta. Ta zo cigiyar lemarta da ta manta a mota. An tsinci lemar tun a ranar, amma sai da ya yi mako yana cigiyarta a lasifika, don mai ita ta riƙa dawowa. Tela ce, a gida take ɗinki, kuma magana ba ta dame ta ba. "Baki ɗaya ya ishi gidan nan," in ji ta.

Shekarun baya kamfanin da ke kula da tashar ya sayo muryar na'ura, mai ladabi, wadda ba ta tari kuma ba ta neman hutu. Aka gwada ta. Tsofaffi da makafi da waɗanda ba su iya karanta allo ba suka yi ta hawa matakala suna ƙwanƙwasa gilashi, suna tambaya ko abin da matar nan ta faɗa gaskiya ne. Dole aka mayar da Lasifika kan makirufo. Amma na'urar tana nan ƙarƙashin teburinsa, an rufe ta da leda. Ya sani sarai ranar da muryarsa ta gaza ba za a nemi wani mutum ba, ledar kawai za a yaye.

Mai tikiti ne ya fara ganin abin. Tagarsa tana kallon gefen fuskar Lasifika, kuma shekara da shekaru yana ganin sa yana ɗaga kai ya kurɓi ruwa tsakanin sanarwa da sanarwa. Ran nan ya bar layin mutane ya hau sama.

"Kai, me ka haɗiya ya ƙi wucewa?"

"Haƙurin zama da kai."

"Ba wasa nake ba. Sake kurɓa in gani."

Ya kurɓa. Wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino ya hau, ya sauko, a gefen dama na wuyansa.

A asibiti aka haɗa shi da wata likita mai sanyin murya, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta yi masa sikanin, wato hoton cikin wuya, ta nuna masa. Ta ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, sunanta tayirod, ita ce idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Ƙullutu a cikinta ba baƙon abu ba ne, kuma mafi yawansu ba kansa ba ne, wato ciwon daji. Don a tabbatar, ta sa siririyar allura ta zuƙo ɗan abin da ke ciki, aka kai ɗakin gwaji aka duba a madubin da ke ƙara girman abu.

Sakamakon ya dawo, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Wannan wace irin amsa ce, Likita? Da ni na yi irin wannan sanarwa, 'mota wataƙila za ta tashi,' ai da jifa za su sauko da ni."

Likita ta yi dariya. Ta ce ba laifin masu dubawa ba ne. A kusan mutum ɗaya cikin biyar haka ake samu: ƙwayoyin sun ɗan sauya kama, ba su yi kama da lafiyayyu sosai ba, ba su kuma yi kama da na ciwon daji sosai ba, ido ya kai iyakarsa. Abin da aka saba yi shi ne tiyata, a cire rabin tayirod ɗin a duba shi gaba ɗaya. Ta ƙara da cewa yawancin waɗanda aka yi wa haka, daga baya sai a ga ba kansar ba ce.

"To a cire mana, me ake jira?" Yayarsa ce ta yi maganar. Ita ta goye shi yana ƙarami, kuma tun da aka fara zuwa asibiti ba ta taɓa fashi ba.

Likita ta ce akwai abin da ya kamata mai irin sana'arsa ya ji tukuna. Jijiyoyin da ke sarrafa murya dab da tsokar suke wucewa. Ana kiyaye su, kuma mafi yawan mutane muryarsu ba ta samun matsala. Wasu takan dushe na ɗan lokaci ta dawo. Kaɗan daga ciki ba ta dawowa yadda take. Akwai kuma waɗanda hira ba ta gagarar su, amma ɗaga murya da daɗewa ana magana sai su gagara.

Matarsa ta ce a duk zamansu ba ta taɓa ganin fuskarsa ta yi irin wannan fari ba.

Sai likita ta kawo hanya ta biyu. Asibitin bai daɗe da fara aikawa da samfur wani ɗakin gwaji na musamman ba. Can ba siffar ƙwayoyin ake kallo ba, abin da ke cikinsu ake karantawa. Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da rubutun gado da ke gaya mata yadda za ta girma, kuma kansar tayirod takan zo da wasu sanannun kurakurai a cikin rubutun. Idan an ga irin waɗannan alamomi, tiyata ta zama dole, har ma a san girman wadda za a yi. Idan ba a gan su ba, haɗarin ya ragu sosai, ana iya barin wuyan a riƙa sa ido.

Lasifika ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Likita, ina allurar? Ga wuya!"

Yaya ba ta yi murna ba. A hanyar gida ta ce ita abin da ta sani, ruɓaɓɓen haƙori cire shi ake yi. "Murya za ka ci? Ka zauna da rai ko da raɗa kake magana."

"Yaya, idan na koma raɗa, leda za su yaye."

"Su yaye! Ni ƙane nake da shi, ba rediyo ba."

Suka tsaya a kan cewa za a yi gwajin, amma ba za a soke ranar tiyatar da aka riga aka ba shi ba.

Ɗibar samfur ba ta da wuya, sai dai tana da doka. Mutum zai kwanta rigingine, a sa masa filo ƙarƙashin kafaɗu, wuya ya miƙe. Likita tana riƙe da na'urar sikanin a hannu ɗaya, allura a ɗaya, tana bin bakin allurar a allo. Muddin allura tana ciki, ba magana, ba tari, ba haɗiyar yawu, domin tayirod tana motsi tare da maƙogwaro. A karon farko ɗakin ya yi tsit, Lasifika ya bi doka. A wannan karon nas biyu ne a ɗakin. Allura ta shiga ke nan, sai ɗaya ta raɗa wa ɗayar cewa tana tashi daga aiki za ta wuce tasha, motar ƙarfe huɗu za ta bi.

"An mayar da ita biyar da rabi!"

Muryar ta cika ɗakin kamar yana kan makirufo. Maƙogwaro ya yi sama, bakin allura ya goce, likita ta zare ta da sauri. Ta danne wurin da auduga, ta dube shi, ta dubi nas.

"Baba!"

"Yi haƙuri, Likita. Da ta je ta yi zaman banza."

An sake gwadawa a take, amma wurin ya riga ya tara jini. Aka aika da abin da aka samu. Ɗakin gwajin ya dawo da amsa: samfurin jini ne mafi yawa, ƙwayoyin ƙullutun ba su isa a karanta ba. Likita ta yi masa adalci, ta ce hakan kan faru ko ga wanda ya kwanta kamar gunki. Matarsa ba ta karɓi wannan ba. "Da ma an ce baki shi ke yanka wuya. Ban san naka da gaske yake ba."

Likita ta ce za a bar wurin ya warke a sake sau ɗaya. Lokacin bai wuce na gwaji guda ba kafin ranar tiyata. Idan wannan ma bai yi ba, sai wuƙa.

Nan ne matar ta karɓi ragama. Kullum bayan ya dawo daga aiki sai ta kashe keken ɗinki, ta share tarkacen yadi daga kan gado, ta ce ya kwanta. Ta cusa masa filo ƙarƙashin kafaɗu, ta ɗora murfin biro a kan ƙullutun, ta danna kaɗan. Daga nan ta fara sanarwa, da muryar nan tata da ko kyanwa ba ta kora.

"Jama'a, motar safe ta layi na biyu, ƙarfe goma za ta tashi."

"Takwas da..."

"Ka mutu. Tashi mu sake."

Ranar farko ko jimla ɗaya bai bari ta kai ƙarshe ba. Ta biyu ya cije leɓe, amma ƙafarsa ta riƙa harbin iska. Matar ta gano abin da ya fi ci masa rai, wato a haɗa direba da layin da ba nasa ba, sai ta yi ta yi. Jikoki suka ji labari suka cika ɗakin, kowa da tasa ƙaryar. Wani ya ce an rufe layi na uku. Wata ta ce daga gobe motoci da baya za su riƙa fita. Lasifika yana kwance, ido jawur, jijiyar goshi ta tashi, gumi yana gangara cikin kunnensa.

Yaya ta zo ta tarar da wannan wasa, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. "Ashe gidan gaba ɗaya ya haukace." Ta ɗan kalla, sai ta ture jikokin ta zauna a bakin gado. "Ku ba ku san shi ba. Matsa, ƙanwata." Ta sunkuya dab da kunnensa. "Ni fa na ji muryar na'urar nan. Wallahi ta fi taka daɗi."

Maƙogwaron ya yi rawa. Hannunsa ya damƙe zanen gado. Bai ce uffan ba.

"To," in ji Yaya, tana miƙewa. "Wataƙila za a yi mutum."

Ranar ɗiba ta ƙarshe likita ta ce kowa ya kama bakinsa, har ta so ta sa nas ɗin nan ta fita. Lasifika ya ce a bar ta, ta ma faɗi duk abin da ta ga dama. Ya kwanta, ya haɗiyi yawu na ƙarshe, ya kafa wa fankar silin ido. Allura ta shiga, ta fito. Ta sake shiga ta wani gefen, ta fito. Likita ta wanke abin da ta zuƙo cikin wata 'yar kwalba mai ruwan adanawa, ta ɗaga ta a haske, ta rufe, ta manna suna.

"Shi ke nan, Baba. Kana iya magana."

Ya nuna bakinsa da yatsa, ya ɗaga gira.

"E, na ce kana iya magana."

Nas ɗin ta ce sai da suka yi nadamar wannan izini. Tun daga ɗakin har bakin lif yana ba su labarin murfin biro.

Jiran ya ɗauki 'yan makonni, ranar tiyata kuma tana matsowa. An riga an ɗebi jininsa, an auna zuciyarsa, Yaya ta haɗa masa jakar kwanciya asibiti ta ajiye a bayan ƙofa. Mai tikiti ya ce a kwanakin nan sanarwar Lasifika ta ƙara tsawo. Yakan yi ta sau uku maimakon biyu, yana jan kowace kalma kamar mai ban kwana da ita. Manaja ya hau sau ɗaya, ya tambayi jiki, idonsa kuma ya sauka ƙarƙashin tebur. Sai ya juya ya fita.

Wata ranar aiki da hantsi, tasha ta cika maƙil, ya danna jan maɓalli zai kira layi na ɗaya, sai wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Ya ga lambar asibiti. Ya ɗauka, ya manta da maɓallin.

Abin da ke biye, mutanen da ke tashar a ranar sun ji shi daga kowace lasifika, har ta bayan gida.

"Likita? E, ni ne. Ya iso? A'a, don Allah kar ki ce sai gobe, kafin gobe na mutu. Faɗa mini a nan." Shiru. Masu jan akwati suka tsaya. "Sun isa a karanta? Alhamdu lillahi. To me suka gani?" Shiru kuma. Mai tikiti ya fito daga tagarsa a guje yana ɗaga hannuwa, yana nuna makirufo, amma Lasifika ya juya wa gilashi baya. "Babu? Ko ɗaya? Likita, sake faɗa, ni sau biyu nake sanarwa. Ba za a yanka ba? Ba za a yanka ba!"

Lasifikokin suka yi ƙara saboda ƙarfin muryar. Direban da ke layi na ɗaya ne ya fara danna hon, na kusa da shi ya karɓa, kafin ka ce me tashar gaba ɗaya ta ɗauka. Masu lodi suna buga jikin motoci, masu shara sun ɗaga tsintsiya sama. Fasinjojin da ba su san hawa ba balle sauka suna tafi suna tambayar juna wa aka fasa yankawa. Wata tsohuwa ta hau matakala da sandarta ta ce ita dai ba ta san zancen ba, amma barka.

Sai a lokacin ya juyo ya ga jan maɓallin a danne. Ya dubi taron ta gilashi, ya gyara murya, ya matso da makirufo. "Jama'a, a yi haƙuri, wannan sanarwar ta gida ce. Layi na ɗaya, a hau mota." Kafin ya kira matarsa, mutum uku sun riga shi.

Washegari su uku suka je asibiti. Likita ta bar shi ya gama murnarsa, sannan ta sa shi ya zauna. Ta ce gwajin bai ga ko ɗaya daga alamomin da ake nema ba, kuma wannan labari ne mai daɗi ƙwarai. Amma ba ta ce haɗari ya ƙare ƙaf ba. A cikin mutum ɗari masu irin wannan sakamako, ana iya samun 'yan ƙalilan, kamar uku zuwa biyar, da daga baya za a ga kansar ce. Wannan ya yi kusa da haɗarin ƙullutun da madubi ya ce lafiyayye ne tun farko, shi ya sa ba a gaggawar tiyata. Ƙullutun yana nan, ba inda ya je. Zai dawo sikanin bayan wata shida, daga nan kuma lokaci zuwa lokaci. Idan ya girma, ko ya sauya kama, ko murya ta dushe ba dalili, ko haɗiya ta fara wuya, za a sake zama.

"Kin ji ko, Yaya?"

"Na ji uku zuwa biyar," in ji Yaya. Ta juya ga likita. "'Yata, tsakaninki da Allah, da mahaifinki ne, za ki bar masa abin nan a wuya?"

"Zan bar shi, Mama. Amma ba zan bari ya tsallake sikanin ko sau ɗaya ba."

Yaya ta matso kusa da ƙanenta. Sannan ta miƙa hannu ta taɓa ƙullutun da yatsa biyu, a hankali, kamar mai gwada ƙwai, ta yi wa ƙullutun magana. "To, ka ji. An bar ka, ba a yarda da kai ba."

Likita ta kira ɓangaren tiyata a gabansu ta ce a cire sunansa, a ba na bayansa gurbin. Lasifika ya gode mata, ya gode wa nas, ya gode wa mai gadin ƙofa da bai san abin da ake ciki ba. A waje ya duba agogo ya ce shi aikin rana ke gare shi. Ya tsallaka titi da sauri, ya bar matarsa da yayarsa a bakin ƙofar asibiti suna gardamar wadda za ta rako shi sikanin na gaba.